Tsohuwar Kwalejin Katsina: Ginin Ƙasa Da Ya Yaye Manyan Arewa

Baƙon da ya shiga birnin Katsina yakan fara tambayar Hasumiyar Gobarau da Ƙofar Soro. Amma akwai wani gini na jar ƙasa, mai kaurin bango da sanyin ɗaki, wanda bai kamata ya bar gari bai gan shi ba, watau tsohuwar Kwalejin Katsina.

An soma karatu a cikinta a 1921, Gwamna Sir Hugh Clifford kuwa ya buɗe ta ran 5 ga watan Maris, 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Nufin Turawa shi ne a horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Kowane lardi yakan zaɓo yaransa masu hazaƙa ya aiko, waɗansu sai sun yi kwana da kwanaki suna tafiya a ƙasa kafin su iso.

To, abin da ya fito daga waɗannan ɗakuna ya wuce malanta. Nan Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931. Nan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, ya gama a 1933. Haka kuma Sir Kashim Ibrahim, da Alhaji Aliyu Makaman Bida, da Alhaji Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce.

A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, inda ake kiranta Kwalejin Barewa yau. Ginin na Katsina kuwa, a 1959 Gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa waɗanda doka ta hana a rushe, daga baya ya zama gidan ajiye kayayyakin tarihi.

Sai dai doka ba ta tare ruwan sama. Duk mai gidan ƙasa ya san idan damina ta wuce ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, bango zai fara tsagewa. Saboda haka nauyi yana kan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi, da Gwamnatin Jihar Katsina, da tsofaffin ɗaliban Barewa, su riƙa tanadin kuɗin gyara kowace shekara, su kuma nemo magina waɗanda suka gaji aikin tubali da azara, tun suna da sauran rai.