A Kogwannin New York, Inda Fumfuna Ta Ci Jemagu

Ƙanena yana karatu a Albany, babban birnin jihar New York ta Amurka, kuma abin da ya sa a gaba shi ne nazarin fumfuna, musamman wadda ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa. Da wani aiki ya kai ni Amurka a watan Satumba, sai na yi niyyar in kai masa ziyara, in kuma ga wuraren da ya daɗe yana ba mu labari. Na hau jirgin ƙasa daga birnin New York na nufi arewa. Kusan duk tsawon hanyar kogin Hudson yana hannunmu na hagu, ganyen itatuwan da ke kan tsaunuka kuwa ya fara juyewa ja da rawaya, alamar sanyi ya ƙarato.

A tasha ya tarye ni. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, sai ya ce, “Yaya, ka zo a kan gaɓa. Yanzu ne jemagu ke tara kitse, suna kai-komo a bakin kogwanni kafin su shiga barcin hunturu. Gobe zan kai ka inda masifar ta fara.”

Da safe muka yi yamma a mota zuwa gundumar Schoharie, ƙasar gonaki da shanu da ƙananan tuddai. Can ne kogon Howe yake. Labarin da ake bai wa baƙi shi ne, a shekarar 1842 wani manomi mai suna Lester Howe ya lura shanunsa na taruwa wuri guda a gefen tudu duk ranar da aka yi zafi. Da ya bincika sai ya tarar da iska mai sanyi tana fitowa daga wani rami. Yau wurin ya zama na yawon buɗe ido. Lifta ce ta sauke mu ƙafa 156 ƙarƙashin ƙasa. Ƙofa na buɗewa sanyi mai danshi ya doke ni, don yanayin wurin ba ya sauyawa daga digiri 11 ko kusa da haka, rani da damina. Muka bi hanya tsakanin bangayen farar ƙasa da ruwa ya sassaƙe, har muka shiga kwalekwale a wani tafki da ke can ƙurya.

Ƙanena bai damu da fitilun da aka ƙawata wurin da su ba. Bango yake kallo. Ya ce mini a wani sashe da ke haɗe da wannan kogo, wanda ba a kai baƙi, wani mai shiga kogwanni ya ɗauki hoton jemagu a watan Fabrairun 2006, da wani farin abu a hancinsu. Hoton nan shi ne shaida mafi daɗewa ta cutar da aka sa wa suna ciwon farin hanci. A hunturun da ya biyo baya, ma'aikatan hukumar kare muhalli ta jihar, ciki har da masanin namun daji Al Hicks, suka shiga kogwannin da ke kewayen Albany don ƙidayar da suka saba yi, suka tarar da gawarwakin jemagu birjik a ƙasa. Mutanen ƙauyuka kuma suka riƙa ganin jemagu suna shawagi da rana tsaka a kan dusar ƙanƙara, abin da ba a san su da shi ba.

A hanyarmu ta dawowa muka biya ta gandun shaƙatawa na Thacher, wanda ke kan wani dogon gefen dutse da ake hango Albany daga samansa. A ƙarƙashin dutsen akwai kogon Hailes, ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ganin mace-macen. An girke masa ƙofar ƙarfe mai sanduna a kwance, jemage zai wuce ta tsakaninsu amma mutum ba zai iya ba. Muka zauna a saman dutsen, ƙanena ya warware mini yadda cutar ke kisa.

Jemagun wannan yanki ƙanana ne, masu cin ƙwari. Wanda ya fi yawa a da, ƙaramin jemage mai ruwan ƙasa, nauyinsa yawanci ba ya kai giram 10. Idan sanyi ya shigo ƙwari suka ɓace, sai su shige kogo su rataye, zafin jikinsu ya sauka ya yi daidai da na bangon da suke kai, bugun zuciya ya ragu ƙwarai, garkuwar jiki ma ta yi sanyi. Kitsen da suka tara shi ne abincinsu na wata biyar ko shida. A lafiyarsu sukan farka sau ɗaya a mako biyu ko uku, kuma wannan ɗan farkawar ita ke cin mafi yawan kitsen, saboda ɗumama jiki a cikin sanyi aiki ne mai tsada. Fumfunar nan kuwa sanyi take so. Ta fi bunƙasa tsakanin digiri 12 da 16, tana daina girma idan zafi ya wuce digiri 20. Sai ta kama fatar jemagen da ke barci, ta kutsa cikin fiffike tana cin naman. Farin hancin shi ido ke gani, amma ɓarnar a fiffike take, domin ta nan jemage ke daidaita ruwan jikinsa. Ƙishirwa da damuwa su sa ya riƙa farkawa a kai a kai, ya ƙone kitsensa tun hunturu bai raba ba, kamar magidancin da ya cinye rumbunsa damina ba ta ko faɗi ba. Daga nan sai yunwa ta kore shi waje neman ƙwarin da babu su, sanyi ya ƙarasa shi.

Na ce, “To ita wannan fumfuna, da can ina take?”

Ya ce, “Baƙuwa ce, Yaya. Akwai ta a kogwannin Turai da Asiya tun da daɗewa, kuma jemagun can sun saba da ita, tana kama su ba ta yi musu kisan kiyashi. Na nan ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Masana sun fi karkata ga cewa ɗan Adam ne ya tsallako da ita teku, a takalmi ko tufafi ko kayan shiga kogo.”

An bayyana ta a matsayin sabon jinsi a 2009, da sunan Geomyces destructans. A 2011 masu bincike na cibiyar lafiyar namun daji ta ƙasa da ke Madison, jihar Wisconsin, suka tabbatar ta hanyar gwaji cewa ita kaɗai ta isa ta haddasa cutar. A 2013 aka sauya mata suna zuwa Pseudogymnoascus destructans. Kafin nan ta riga ta yi nisa. Ta shiga Kanada a 2010. A 2012 hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta ƙiyasta jemagun da suka mutu tsakanin miliyan 5.7 da miliyan 6.7. A 2016 aka same ta a jihar Washington, can gaɓar tekun yamma. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wani nazari na 2021 ya nuna jinsi uku sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wuraren da cutar ta kai, kuma ɗaya daga cikinsu, jemagen arewa mai dogon kunne, an ayyana shi cikin masu fuskantar ƙarewa a 2022.

Wata safiya kuma muka yi kudu zuwa Rosendale a gundumar Ulster. Garin ya yi suna ne da siminti. Tun wajen 1825 aka gano dutsen da ake ƙonawa a samu siminti mai ƙarko, kuma da shi aka yi aikin gadar Brooklyn da gindin mutum-mutumin ’Yanci na birnin New York. Da kasuwarsa ta faɗi sai aka bar ramukan, jemagu suka gaje su, har wasu daga cikinsu suka zama cikin manyan wuraren barcin hunturu na jihar. Waɗannan a rufe suke, amma akwai wata tsohuwar mahaƙa mai suna Widow Jane da ake barin baƙi su shiga. Faffaɗan ɗaki ne a cikin dutse, da manyan ginshiƙai da mahaƙa suka bari don su riƙe rufin. Can ciki ruwa ya kwanta, baƙi ƙirin, ba ya ko motsi.

A nan ne na fahimci abin da ya riƙe ƙanena shekara da shekaru. Ni dutse da laka kawai nake gani. Shi ya durƙusa yana nuna mini abubuwa: guntun katako da ya ruɓe, ganyen da iska ta turo, kashin wata dabba, mataccen ƙwaro a jikin bango da farin gashi ya lulluɓe. Ya ce inda babu hasken rana babu tsiro, don haka duk abincin kogo daga waje yake zuwa, kuma fumfuna ce ke narkar da shi ta mayar da shi abin da ƙananan halittun wurin za su ci. A ɗan ƙoƙon laka guda ana samun jinsuna da dama: Penicillium, wadda daga danginta ne aka samo maganin fenisilin, da Mortierella, da Mucor, da Cladosporium, da nau'o'in yis. Akwai ma ’yan’uwan mai kisan na kusa, masu suna ɗaya da ita a farko, waɗanda ke zaune a ƙasar kogwannin Amurka suna cin ruɓaɓɓen abu, ba sa taɓa jemage. Yawansu da kamanninsu ya sa gano ta a cikin laka ya yi wuya a farkon lamarin, sai da aka ƙirƙiro gwajin ƙwayoyin halitta da ke bambance ta da su.

Masu bincike na cibiyar Wadsworth, ɗakin gwaje-gwajen ma'aikatar lafiya ta jihar da ke Albany, sun ɗebi laka da gogen bango daga kogwanni da ramukan da cutar ta shiga, suka wallafa sakamakonsu a 2014. Sun bi hanya biyu: shuka samfurin a faranti a ga abin da zai tsiro, da kuma karanta ƙwayoyin halittar da ke cikinsa kai tsaye, domin da yawa daga cikin fumfunar kogo ba ta yarda ta tsiro a faranti. A Kanada ma, Karen Vanderwolf da abokan aikinta na gidan tarihi na New Brunswick sun ƙididdige fumfunar da ke jikin jemagun kogwannin lardin tun kafin cutar ta iso a 2011. Abu mafi tayar da hankali da irin waɗannan bincike suka nuna shi ne, baƙuwar tana iya zama a ƙasar kogo ko bayan jemagu sun bar wurin ko sun mutu. Wanda ya tsira ya warke da bazara, idan ya dawo da kaka, tana nan tana jiransa.

Amma a cikin wannan lakar ake neman magani. Daga ɗaya daga cikin ramukan da cutar ta yi wa ɓarna, masu binciken Wadsworth sun ware wata fumfuna mai jure sanyi, Trichoderma polysporum, wadda ta hana mai kisan girma a gwajin ɗaki. Wasu sun gwada fesa wa jemagu wata bakteriya da ake samu a fatarsu. A 2018 aka gano cewa baƙuwar ba ta iya gyara lahanin da wani nau'in haske mai ƙarfi, irin wanda ke cikin hasken rana amma ido ba ya ganinsa, ke yi wa ƙwayoyin halittarta. Ana kuma aikin allurar rigakafi a Madison. Na tambayi ƙanena me ya hana a fesa maganin fumfuna a kogon gaba ɗaya a huta. Ya girgiza kai ya ce, “Yaya, da mun kashe ’yan gida tare da baƙuwa. Su ne ke ciyar da kogon, kuma wataƙila a cikinsu mai korar ta yake.”

Da muka fito bai bari mun shiga mota da takalmanmu ba. Ya ƙulle su a leda, a gida ya kankare lakar, ya jiƙa su a ruwan da zafinsa ya kai digiri 55, kamar yadda ƙa'idar masu shiga kogwanni ta tanada. Cutar ba ta kama mutum, amma mutum na iya ɗaukar ta ya kai wani kogon.

Daren ƙarshe ya kai ni ɗakin gwajinsu ya fito da faranti daga firji. Wani ɗan tabo ne fari mai ratsin toka, wanda ya ce ya ɗauki makonni kafin ya kai haka. A madubin ƙara girma na ga ƙwayoyin irinta, ƙanana masu lanƙwasa. Ya ce akwai labari mai daɗi: a wasu wurare a New York da Vermont adadin ƙaramin jemage mai ruwan ƙasa ya daina faɗuwa, kuma waɗanda suka tsira suna shiga hunturu da kitse fiye da na da. Sai dai macen jemage ɗa guda take haifa a shekara, don haka cike giɓin aikin shekaru ne masu yawa.

Asarar kuma ba ta tsaya a kogo ba. Wani ƙiyasi da mujallar Science ta buga a 2011 ya ce ƙwarin da jemagu ke cinyewa na sauƙaƙa wa manoman Amurka aƙalla dala biliyan 3.7 a shekara. A 2024 Eyal Frank na Jami'ar Chicago ya wallafa a wannan mujalla cewa a gundumomin da cutar ta shiga, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kusan kashi 31 cikin 100, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100.

Na koma birnin New York a jirgin ƙasan da ya kawo ni, ina ta juya wannan lissafi a raina. Zafin ƙasarmu ba wurin zaman wannan fumfuna ba ne, amma darasin ya shafe mu. Muna da namu ƙananan jemagun masu cin ƙwari a tsofaffin soraye da rufin gidaje da kogwannin duwatsu, kuma sau da yawa hayaƙi da jifa ne rabonsu daga gare mu. Allah bai halicci komai a banza ba. Ina kira ga manomanmu su bar su su yi aikinsu na dare, ga ɗalibanmu na kimiyyar halittu kuma su shiga namu kogwannin su rubuta abin da ke rayuwa a ciki tun ana lafiya. Rigakafi ya fi magani.