Kuɗin Jirgi Ɗaya, Baki Biyu

Tunda na fara karance-karance kan jiragen sama marasa inji, nake tausaya wa ma'ajin kulob ɗin masu tuƙa su a Jamus. Kuɗin jirgi ɗaya gare shi, masu buƙata kashi biyu. 'Yan koyo na son ASK 21 mai kujera biyu, gwanaye kuwa sai sabon jirgin tsere mai ɗan karen tsada.

Ni dai ina bayan 'yan koyo, don da su kulob ke ɗorewa. Su gwanayen ma ai ba a rufe musu ƙofa ba: akwai rukunin gasar da tsofaffin jirage irin LS4 na 1980 ke shiga, a daidaita maki gwargwadon ƙarfin kowane jirgi. Na hannu ma ya ishe su.