Furen lalle a fasasshen tulu

Furen nan mai ruwan ɗorawa da Faransawa ke kira jonquille, sai albasarsa ta sha sanyin Turai a cikin ƙasa kafin ya buɗe. Zafin Filinge ba zai bar shi ba. Shi ya sa nake raba wa 'yan ajina reshen lalle. Kowa ya samo fasasshen tulu, ya cika da rairayin Dallol Bosso da takin awaki, ya kafa reshen da damina. Da rani ruwan alwala ya ishe shi. Ran da fararen furanninsa suka fito, ƙamshi har zaure.

Iyaye, ku bar wa yaro ban ruwan. In ya manta, ganyen da ya yanƙwane zai yi masa faɗan da ya fi namu shiga.