Kirsimatin Da Na Yi A Baƙunci

Da yake watan Disamba ya sake kewayowa, na ga ya kamata in ba ku labarin wani Kirsimati da na yi nesa da gida.

A shekarar 2018 wata makarantar ikkilisiya a Ingila, wadda take zumunci da makarantar da nake koyarwa, ta gayyace ni in je in ga yadda suke koyar da yara. Na tashi cikin watan Oktoba, aka ɗibar mini wata uku. Ban zauna wuri ɗaya ba. Mako guda a wannan gida, mako biyu a wancan, akwatina kullum a ɗaure.

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Haka na yi ta koyo kamar ɗan aji ɗaya. Na koyi duban dama tukuna kafin in ƙetare titi, gama motocinsu hannun hagu suke bi, yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972. Na koyi cewa in an ce ƙarfe tara, to, tara ɗin ce. Na koyi wanke riga da dare in shanya a kan ƙarfen da yake ɗumama ɗaki. Ran da na fara shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na gai da wanda yake kusa da ni, har na tambaye shi iyali. Sai ya dube ni kamar na zo bara. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne duhu. Cikin Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi.

Da aka zo rufe makaranta, shugabanta ya ce mini, "Malam, ko za ka zo gidanmu mu yi Kirsimati tare?" Na ce, "A'a, na gode, kada in ɗora muku nauyi." Kun dai san halinmu. Baƙo mai kunya ba ya amsawa a kira na fari, sai an matsa masa. Ina nan ina jira ya sake faɗa, sai ya ce, "To, ba laifi," ya ba ni hannu, ya tafi. Ba rowa ya yi ba. A wurinsu in ka ce a'a, sun ɗauka abin da yake zuciyarka ke nan.

Na koma ɗakin baƙi da aka ba ni a Landan. Daren jajibere na je dandalin Trafalgar na ga babban itacen Kirsimati wanda birnin Oslo na ƙasar Norwe yake aiko wa mutanen Landan kowace shekara tun 1947, domin godiya ga taimakon da aka yi musu a Yaƙin Duniya na Biyu. Na sha kallo, na dawo ban sayi kome ba. Na ce da safe na saya, in kuma shiga mota in je Peckham, inda 'yan Nijeriya suke da yawa, in yi sujada tare da su.

Gari ya waye ran Talata, 25 ga wata, na fito, titi tsit kamar an yi shara. Ashe ranar Kirsimati ba bas, ba jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan. Manyan kantuna kuma doka ta hana su buɗewa a ranar, ƙaramin da yake kusa da ni ma a kulle yake. Abin da ya rage mini shi ne rabin burodi, da ganyen shayi, da ɗan ƙuliƙulin da uwargidana ta ƙulla mini.

Ina zaune sai ga wayarta. Ina jin kiɗan ganga da hayaniyar yara, ta ce an gama tuyar cincin, an kuma fara kai wa maƙwabtanmu Musulmi shinkafa kamar yadda muka saba. Ta ce, "Maigida, me aka dafa muku?" Na ce, "Kome lafiya, abinci sai wanda na zaɓa." Na yi ƙarya a ranar haihuwar Mai Ceto, don kada hankalinta ya tashi. Da na ajiye wayar, ni da nake hana yara kuka a aji, sai ga hawaye.

Na sa babbar rigar sanyi, na taka da ƙafa zuwa wata majami'a da take kusa. Bayan sujada kowa ya ba ni hannu da fara'a, kowa kuma ya yi gida da sauri. Ina shirin fita sai wata tsohuwa mai sanda ta tsaya a gabana ta ce, "Ɗana, a ina za ka ci abinci yau?" Bakina har ya fara shirya amsar nan ta kunya. Kafin in yi magana ta ce, "Na dafa abincin mutum biyu bisa ga sabo, maigidana kuwa ya rasu cikin wannan shekara. In ba ka zo ba, ni kaɗai zan zauna." Na ce, "Mama, zan zo."

Muka ci naman talotalo da gasasshen dankali. Da ƙarfe uku ta buɗe talabijin muka ji jawabin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda ta rasu a 2022. Ta gaya mini kakan Sarauniyar, Sarki George na Biyar, shi ya fara wannan al'ada ta rediyo a 1932. Ta nuna mini hotunan maigidanta, ni ma na nuna mata na yarana. Na wanke kwanoni, na raira mata waƙar Kirsimati da Hausa. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta yi ta tafi. Da zan tafi ta ce Allah ne ya aiko ni. Ni kuwa na san ni ne aka yi wa jinƙai.

A hanyar komawa na tuna da abin da Luka sura 2 da Matiyu sura 2 suke faɗa mana. Yusufu da Maryamu a kan tafiya suke sa'ad da aka haifi Yesu, daga baya ma suka yi gudun hijira da shi zuwa Masar. Kirsimati na fari a baƙunci aka yi shi. Sai kuma na tuna da wani saurayi ɗan Kudu da ya yi bautar ƙasa a makarantarmu. Wata shekara bai sami kuɗin motar zuwa gida ba. Na ce masa ya zo gidana, ya ce ya gode, ni kuwa ban sake komawa ta kansa ba. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya ci ran nan ba sai da yunwa ta kama ni a Landan.

Tun daga 2019, ni da uwargidana mukan zauna kafin Kirsimati mu lasafta waɗanda ba su da inda za su: ɗan bautar ƙasa, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, gwauruwa, 'yan gudun hijira. Ba ma aika yaro. Da ƙafarmu muke zuwa, in sun ce a'a mu sake faɗa.

Ɗan'uwa, baƙo ba ya roƙo, sai an neme shi. Duba bencin baya a majami'arku wannan Lahadi, ka ga wanda yake fita shi kaɗai. Kai kuma matafiyi, in an kira ka, ka amsa. Mai yiwuwa ne wanda ya kira ka ya fi ka bukatar abokin cin abinci. Allah ya kai mu Kirsimati lafiya. Amin.