Ni da Tumatirin Yaya, Wa Ya Riga Wani Isa Legas?

A watan Fabrairun da ya gabata aka gayyace ni wani taron masana a Legas. Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed tazarar ta sama kimanin kilomita 830 ce, jirgi kuma yakan cinye ta cikin awa ɗaya da rabi. Na tashi da hantsi, na yi azahar a Ikeja.

Kwana ɗaya kafin tafiyar na je gida Dawakin Kudu sallama. Ban tarar da Yaya ba, aka ce yana Kwanar Gafan ana lodin tumatirin da ya noma a wajen Bunkure da ruwan Tiga. Can na same shi tsaye a gindin mota yana ƙirga kwanduna. Da na ce masa ni ma Legas na nufa, sai ya yi dariya ya ce, "To Dakta, in ka isa ka gaishe min da kayana."

Ban samu gaishe su ba. Na gabatar da takardata, na kwana, na kamo jirgin dawowa, motar ba ta shiga kasuwar Mile 12 ba. Ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba, ta yini a rana. Hanyar ƙasa kusan kilomita 1,000 ce, wato a kan taswira bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma taswira ba ta nuna ramuka, ba ta nuna shingayen da direba zai tsaya ya lallashi masu su, ba ta kuma san cewa tumatir na ƙasan kwando ruwa yake fara zubarwa tun daren farko. Abin da dillali ya aiko wa Yaya da ƙyar ya biya kuɗin mota da bashin taki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a nan daga Masar, su ne na farko a ƙasar nan. Madatsar Tiga kuwa a zamanin Audu Baƙo aka gina ta. Mun iya kawo ruwa gonar rani, mun iya kai malami Legas kafin shayinsa ya huce, amma har yau a kwandon kaba, a buɗaɗɗiyar mota, muke aika gumin manomi. Ba cewa nake a ɗora tumatir a jirgi ba, kuɗin ya fi ƙarfin miya. Motar sanyi da hanya mai kyau sun isa, kuma ba su fi ƙarfin gwamnati ba.

Da na koma yi masa jaje, Yaya bai yi zancen asarar ba. Tambayata ya yi nawa aka biya mini kuɗin jirgi. Na faɗa masa. Ya yi shiru yana motsa yatsu, na gane kwanduna yake lissafawa.