Ajin Kara da Makomar Ɗiyan Karkara

Duk wanda ya bi kwalta daga Damagaram zuwa Mirya ko Magarya a farkon watan Oktoba, lokacin da rediyo ke shelar komawa lakwal, zai ga tutar ƙasa tana kaɗawa a bakin ƙauyuka, amma filin da ke ƙarƙashinta fayau. Dalili kuwa ba a gina aji ba tukuna. A ƙauyuka da dama rumfar karan hatsi ita ce aji, kara kuma ba ya samuwa sai an ƙare girbi. Sabili da haka karatu ba ya kankama sai Nuwamba ko Disamba, da iskar farkon damina ta taso kuma rumfa ta faɗi, yara su koma gona. Shekarar da aka tsara wata tara sai ta dawo wata shida ko bakwai.

Wani attajirin Zango mai shagon atamfa a kasuwar Dole ya ga sakamakon wannan da idonsa. Ya aika ƙauye aka kawo masa ɗan ƙanensa da ya ƙare aji shida, da niyyar ya damƙa masa littafin bashi. Da ya miƙa masa takardar kaya ya ce ya karanta, yaro ya zuba mata ido, gumi ya karyo masa. Alhaji ya ce: "Ɗana, shekara shida me kuke yi a can?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, mushe yana faɗi muna maimaitawa." Ga waƙoƙin faransanci a bakinsa kamar ruwa, amma haɗa baƙi da wasali ya gagara. Shi kuwa Alhaji, da bai taɓa taka lakwal ba, da ajamin makarantar allo yake rubuta lissafinsa tun yana saurayi.

Irin wannan yaro ba shi kaɗai ba ne. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara 10 da ke ajin ƙarshe na firamare a Nijar, ba a samu cikakken ɗaya mai karatu yadda ya kamata ba. A binciken 2019 adadin ya kai wajen 3 cikin 10. An ci gaba, sai dai 7 da suka rage su ne ɗiyan talakawa, akasarinsu kuma a karkara suke.

Bayan rumfa, sai maganar malamai. Tun ƙarshen shekarun 1990, da aljihun gwamnati ya yi rauni, aka shiga ɗaukar malaman kwantiragi da ɗan guntun horo da ɗan ƙaramin albashi, har suka zama su ne mafi rinjaye a firamare. Da aka yi musu jarrabawa a 2017, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai suka samu rabin maki. Kafin a zarge su, a tuna cewa yawancinsu daga irin waɗannan rumfuna suka fito. Tulun da ba a cika ba, da me zai shayar da wani?

Na uku shi ne harshe. Yaro ɗan shekara bakwai da bai taɓa jin faransanci ba, ana so ya koyi karatu da baƙon harshe a lokaci guda. Alhali a nan Damagaram aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji a 1973, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga faransanci, kuma dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji. Gwajin ya wuce shekara 50, har yanzu bai game ƙauyuka ba.

Rumfar kara kuma tana cin rai. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. A Nuwamba na wannan shekara wata ta hallaka fiye da 20 a Maraɗi. Can birni ne, kusa da masu kashe gobara. Ina ga ƙauyen da ruwan rijiyarsa ke da nisan gaba ashirin?

Masu ƙarfin faɗa a ji, wato ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, da yawansu sun kai nasu ɗiyan makarantun kuɗi, suka bar lakwal ɗin ƙauye ba mai magana da yawunta. Amma kowane attajirin Zango yana da garin da aka binne cibiyarsa, kowane ma'aikaci yana da ajin da ya fara riƙe alli. Aji ɗaya na bulo da rufin kwano ya isa ya ceto wata biyu ko uku na karatu kowace shekara. Wanda ba shi da halin gini, in ya je gida Sallah, ya nemi dirakta da kwamitin iyaye ya tambaya ranar da aka fara karatu da kwanakin da mushe ya yi ba ya nan, sa'annan ya kira yaro ɗaya ɗan aji huɗu, ya miƙa masa takarda ya ce: karanta.