Burodin Kirfa Da Dabinon Dutse

 

Makon nan zancen abin marmari na zo muku da shi, amma kada ku ce kwaɗayi ne ya kama ni, domin akwai maganar sana'a a cikinsa. Kun dai sani tun da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano cikin watan Agusta na 1991, aka mai da Dutse babban birninta, garin nan bai daina sake kama ba. Da can in an ce Dutse, to, Garu a ke nufi, da fadar Sarki da duwatsu da itatuwan dabino. Yanzu kuwa ga ma'aikata daga ko'ina, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 ta jawo samari da 'yan mata daga kudu da arewa. Baƙo kuwa da bakinsa ya kan zo. Shi ya sa gidajen burodi suka yawaita, har waɗansu sun wuce burodin shayi da muka saba, sun shiga toya irin abubuwan da kakanninmu ba su taɓa jin sunansu ba.

Ɗaya daga cikin baƙin nan shi ne burodin kirfa. Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ɗan naɗaɗɗen abu ne kamar gammo, girmansa bai wuce tafin hannu ba. Bayansa ja ne, in kin taɓa shi sai ya riƙa zubar da ɓawo siriri kamar na albasa. Cikinsa kuwa laushi gare shi, falle bisa falle kamar takardun littafi, da kirfa da sukari a tsakaninsu.

'Yar wana ce, wadda ke aji biyar na sakandare, ta dame ni da labarinsa, kullum sai ta ce, “Gwaggo, gani ya kori ji.” Ran wata Asabar muka tafi wani gidan burodi a cikin gari, muka tarar iri biyar ne a jere bayan gilashi, muka sayi ɗai-ɗai. Kuɗin da na ƙirga ya kusa na cefanen yini guda, saboda haka na ce ba za mu cinye su a tsaye ba kamar 'yan tasha. Muka kawo gida, bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma, na dafa shayi ba sukari don mu riƙa wanke harshe tsakanin wannan da wancan. Sa'an nan na aika aka kira mana wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda duk unguwa ke kira Iya. Ita ce ke yi wa amaren unguwarmu alkakin gara tun muna 'yan mata, in kuwa ana zancen alkama da mai da zaƙi, da tsohuwar zuma a ke magani.

Na farko da muka yanka shi ne wanda babu kome cikinsa sai kirfa da sukari. Tun bai kai baki ba ƙanshinsa ya cika tsakar gida. Bayan ya yi ƙus a haƙori, cikin ya narke, sa'an nan ɗan yajin kirfa ya biyo baya a hankali, irin wanda ke ɗumama maƙogwaro ba tare da ya ƙona ba. Iya ta tauna ta daɗe ba ta ce uffan ba, daga baya ta miƙo hannu a ƙara mata.

Na biyu an kwarara masa wani farin romo na sukari da madara a ka. Yarinyar nan shi ta fi so, har tana lashe yatsa. Ni kam na ji zaƙin ya danne kome, romon kuma ya jiƙa ɓawon nan da aka sha wahala kafin a same shi. Iya ta ce amarya ce kyakkyawa aka cika wa hoda har ba a ganin fuskarta.

Na uku da cakulan aka yi shi. Cakulan abin daɗi ne, kirfa ma haka, amma haɗa su wuri ɗaya kamar haɗa kishiyoyi ne a ɗaki guda, kowace tana so a ji muryarta. Na huɗu mai kwakwa ne, ba laifi, sai dai kwakwar da ke gefe ta ƙone kaɗan, ta kawo ɗaci. Na biyar shi ne mai zabibi, watau busasshen inabi, shi ne kuwa ya biyo na farko kurkusa. Zaƙin ɗan itace ba irin na sukari ba ne, yana da ɗan tsami a ƙarƙashinsa, kirfa kuma tana zama lafiya da shi.

Da muka gama, Iya ta karkaɗe zanenta ta ce, “'Yar nan, wannan ai ɗan'uwan alkaki ne, sai dai shi ya yi karatun boko. To, amma in inabin wata ƙasa ya shiga ya zauna, me ya hana dabinonmu?” Wannan tambaya tata ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Kafin mu zo ga dabino, bari in gaya muku abin da ke sa burodin nan ya yi falle-falle. Tun a gidan burodin na tambayi mai toyawar, ya yi dariya ya ce, “Hajiya, babu wani asiri. Bota ce da sanyi da haƙuri.” Gaskiya ya faɗa. Ana shimfiɗa kwaɓin fulawa ne, a sa bota mai sanyi a tsakiya, a rufe ta kamar wasiƙa cikin ambulan, a murza ya yi tsawo, a ninka shi gida uku. In an yi haka sau uku, uku sau uku sau uku ke nan, an sami shimfiɗar bota 27, kowace da siririn kwaɓi sama da ƙasa. Ita bota akwai ruwa a cikinta, kamar kashi 16 cikin 100. Da ta ji wuta sai ruwan ya zama tururi ya ɗaga fallayen, man kuma ya soya su, ya hana su manne wa juna. Don haka soyayyen man shanu da man gyaɗa ba su yin wannan aiki, ba ruwa a cikinsu, kuma kwaɓi shanye su ya ke yi. In kuma botar ta narke tun ana murzawa, to, aiki ya ɓaci, burodin shayi za ki samu.

Mutanen arewacin Turai su ne gwanayen abin nan, ga shi ƙasarsu sanyi gare ta. Mutanen Danmak suna kiran nasu dodon koɗin kirfa, saboda naɗinsa, irin kwaɓin kuma su kan ce masa burodin Biyana, don masu toyi daga ƙasar Ostiriya ne suka kai musu dabarar a ƙarni na 19. Maƙwabtansu na Suwidin har rana suka keɓe wa nasu burodin kirfa, 4 ga Oktoba, tun daga 1999. Abin mamaki, kirfa ba ta fitowa a ƙasarsu ko kaɗan. Ɓawon itace ce ta ƙasashen zafi. Mafi daraja daga tsibirin Siri Lanka ta ke zuwa, wanda a da a ke kira Silon, kusa da Indiya. Turawan Fotugal sun riƙe cinikinta, na Holan suka kore su a 1658, Ingilishi kuma suka karɓe a 1796. Ku dubi irin jinin da aka zubar a kan abin da mu ke saye ƙulli guda wajen mai kayan ƙanshi!

In kin je saye, ki duba da kyau, iri biyu ce. Ta Siri Lanka fara-fara ce, siririya, a nannaɗe kamar tabarma, tana murmushewa a hannu. Mai kauri baƙa-baƙa, wadda ta fi yawa a kasuwa, daga wajen Sin da Indunusiya da Biyetnam ta ke fitowa, ta fi yaji da araha. Duka biyun suna yin burodi. Amma masu jiƙa kirfa suna sha safe da yamma don magani su yi hattara, mai kaurin nan tana da wani sinadari da ke wahalar da hanta in an yawaita.

To, mu dawo gida. Kirfa kam baƙuwa ce, amma sauran kayan fa? Alkama ana noma ta da rani a fadamun Haɗejiya da Ringim, a Haɗejiya ɗin ma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani cikin watan Nuwamba na 2023. Riɗi kuwa Jigawa na cikin manyan masu nomansa, har ƙasashen waje a ke kai shi. Zuma tana nan a ƙauyukanmu. Dabino kuma ai sunan Dutse ne, a nan garin tashar binciken dabino ta Gwamnatin Tarayya ta ke. Amma lokacin kakarsa sai ki ga an zube shi a faranti bakin hanya ana neman mai saye, mu kuma muna can muna biyan kuɗi mai tsada a kan inabin da ya ƙetaro teku.

Ga yadda wadda ke so za ta gwada. Ki sami fulawa kofi 4, watau rabin kilo, da yis ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 3, gishiri ƙaramin cokali 1, ƙwai 1, da madara mai sanyi kofi 1. Ki kwaɓa har ya daina kama hannu, ki rufe ki ajiye wuri mai sanyi kamar sa'a guda. Sa'an nan ki bubbuga bota giram 250 ta yi faɗi, ki naɗe ta ciki, ki murza da kwalba mai tsabta, ki ninka gida uku. Sau uku za ki yi haka, kowane ninki ki bar shi ya huta rabin sa'a cikin firiji. In babu firiji, ki jira hunturu, ki yi aikinki da asuba, ki sa kwaɓin cikin kwano mai murfi a gindin randa. Da bazara kam kada ki wahalar da kanki, ranar Dutse ba ta yi wa bota adalci.

Abin sawa a ciki kuwa, ki cire ƙwallon dabino kofi 1, ki jiƙa shi a ruwan zafi har ya yi laushi, ki daka da garin kirfa babban cokali 1, ki bari ya huce sarai. Ki shimfiɗa kwaɓin, ki shafe shi da dabinon, ki naɗe kamar tabarma, ki yanka gida 12 da wuƙa mai kaifi. Ki jera su a inuwa su tashi, ki barbaɗa riɗi, ki gasa da wuta mai ƙarfi kamar minti 20. Wadda ba ta da murhun gashi, ta zuba yashi a gindin babbar tukunya, ta bari ya ɗauki zafi tukuna, ta ɗora farantin a kai, ta zuba garwashi bisa murfi, yadda mu kan yi kek. In ya fito a shafa masa zuma kaɗan. Ni na yi, na kai wa Iya, ta ce ya fi mai zabibin nan zama a ciki, ba ta kuwa saba yabon banza ba. In na farko bai yi miki falle ba ki sake, mai haƙuri shi kan dafa dutse, balle mu da ke zaune a cikinsa.

Akwai wata magana da Iya ta gaya mini wadda ta tsaya mini a rai. Ta ce shekaru sun yi yawa rabon da wata yarinya ta zo ta durƙusa gabanta ta ce a koya mata alkaki, ga shi hannunta ya fara rawa, ba ta iya dakan alkama har ta yi danƙo kamar da. Garar amare yanzu rabinta daga kanti a ke ɗauko ta. In Iya da ire-irenta suka kau, wa zai san yawan tsamiyar da a ke sawa, ko lokacin da romon zuma ya isa a tsoma? Waɗannan abubuwa a hannu su ke zaune, hannu kuwa sai an zauna kusa da shi a ke ɗaukar abin da ya sani.

Saboda haka, ku 'yan makaranta, ga shawarata. In an yi hutu, kowace ta nemi tsohuwar unguwarsu mai yin alkaki ko nakiya ko dubulan, ta ɗauke mata taɓarya, ta koya. Yatsun da suka iya murza alkaki siriri su naɗe shi bai tsinke ba, ninkin bota ba zai gagare su ba. Ku kuwa kun iya lissafi da awo, kun iya rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu, wanda Iya ba ta samu ta koya ba. Yarinyar da ta haɗa biyun nan ba za ta zauna jiran takardar ɗaukar aiki ba, ga bukukuwa, ga suna, ga buɗa-baki da azumi, ga ɗalibai masu neman abin taɓawa.

Ku kuma uwayen gida, in hali ya samu ku leƙa gidajen burodin nan, ba laifi ba ne. Sai dai ku ci da hankalin mai koyo, ku ɓare ku duba ciki, ku tambayi harshenku abin da aka sa. Kada kuma a mai da shi karin kumallon yara na kullum, abu ne mai mai da sukari, koko da ƙosai ba su yi mana laifin kome ba.

Wadda ta gwada na dabino, ko ta sami wata dabara da gyaɗa ko aya ko citta, ta rubuto wa filin nan ta hannun Edita, mu buga don 'yan'uwa su amfana. Allah ya sa albarka a hannuwanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Uwargida.